Kejin Gafiya da Kaskon Turare

Mako uku da tarewata a gidan mijina, gafiya ta daina shiga keji a gonarmu, kuma ni ce na fara ɗora wa wani tsoho laifin hakan.

Gonar tana bayan garin Jos, tafiyar rabin awa daga gidanmu na unguwar Congo-Russia in an hau tsohuwar a-kori-kurar da mijina ya gada. A bakin tafki take, ɗaya daga cikin manyan ramukan da masu haƙar kuza suka bari ruwa ya cika. Marigayi surukina, Alhaji, shi ya saye ta tun mijina yana goye. Da rani ake nomanta da injin ban-ruwa: dankalin Turawa, karas, kabeji, da ɗan latas a gefe. Mijina tela ne, shagonsa yana Laranto, amma rabin hankalinsa kullum yana bakin tafkin nan.

Lokacin da yake zuwa zance gidanmu a Gangare, in ya ce "gonarmu", wani abu daban nake hangowa. Na taso da littattafan soyayya, irin waɗanda muke karɓowa haya mu ɓoye cikin jakar makaranta, kuma a cikinsu gidan gona wuri ne da ango ke zagayawa da amarya tsakanin furanni, iska tana kaɗa mata mayafi. Ranar da ya fara kai ni, takalmina mai tsini ya nutse a laka tun taku na uku. Abin da ya tarbe ni a ƙofar bukkar ajiye inji kuwa igiya ce, an jera mata busassun wutsiyoyi, rabi baƙi rabi fari.

"Aikin Baba ne," in ji mijina, yana nuna min su kamar lambar yabo.

Baba maƙwabcinmu ne na gona, Kirista, ɗan asalin wurin. Gidansa yana gindin duwatsu, kuma danginsa ne suka sayar wa Alhaji filin. Tun daga lokacin shi ke ɗana mana tarko. Sharaɗin da suka yi da Alhaji mai sauƙi ne: duk gafiyar da aka kama, naman na Baba ne, tunda mu ba ma ci a gidanmu, wutsiyar kuma ya rataya a igiya don mai gona ya ga aiki yana tafiya.

Manoman bakin tafkin suna da kwamiti, kuma tare da malamin gona suka tsara abin da aka yarda da wanda ba a yarda ba. Ba a zuba guba, don ruwan kowa a tafkin yake komawa, shanu suna sha, karnuka suna yawo, mutane kuma suna cin naman. Ba a cinna wa ciyawa wuta don a kori dabba daga rami. Ba a ɗana tarko mai haƙora, wanda zai iya karya ƙafar mai wucewa. Keji kawai aka yarda da shi, na waya, mai ƙofar da ke faɗowa in an taɓa abincin da ke ciki. Wanda ya ɗana da yamma kuma dole ya duba da sassafe, kada dabba ta wuni tana wahala.

Saboda wannan dokar ta ƙarshe ne kejunan suka san hanyar gidana. Baba ba ya ɗanawa ranar Asabar da yamma, don Lahadi da safe coci yake zuwa. In an bar su a gona, 'yan gwangwan za su kwashe, shi kuma gwiwoyinsa ba sa barinsa ya hau da su gida. Don haka duk Asabar mijina yakan lodo su guda shida ya jibge a lungun tsakar gida, sai Litinin ya mayar. Shekara da shekaru haka ake yi, ba wanda ke taɓa su.

Asabar ɗin farko da na gan su, sai da na toshe hanci. Wari ne na fitsari da tsohuwar laka da gashin dabba. Ga 'yan ganin ɗaki ba su gama zuwa ba, ga gwaggona ta ja min kunne ranar kai ni cewa kada mijina ya taɓa shigowa ya ji abin da ba ƙamshi ba. Washegari yana fita shago na ɗora ruwan zafi, na kawo garin sabulu da buroshi, na dirje su ɗaya bayan ɗaya har wayar ta yi ƙyalli. Da suka bushe na lura girmansu daidai da kabbasa, kwandon nan da ake kifawa kan kasko a turara tufafi. Sai na zuba garwashi, na barbaɗa turaren wuta, na kifa keji a kai, na shimfiɗa kaftanin mijina a sama. Rigar ta turaru, kejin ya turaru. Ƙofofin da ke ƙara kuma na ɗiga musu ragowar man turare.

Ban gaya masa ba. Na fi son wata rana ya gano da kansa, ya tsaya ya kalle ni yadda ake kallon mace mai yin abu ba a sa ta ba. Kowace Lahadi nakan maimaita, kowace Litinin yakan loda su cikin sanyin safiya, hularsa har kunne, bai ce komai ba. Har haushi nakan ji.

Mako na biyu wutsiya ɗaya aka ƙara a igiya. Na uku babu. Na huɗu babu. Gafiya kuwa ta samu gari. Takan bi kunyar dankali ta ƙarƙashi ta kwashe 'ya'yan, ganyen yana tsaye kore shar, sai an ja a ga ba komai. Karas takan gutsure kansa ta bar sauran. Mijina ya fara dawowa da dankali rabi-rabi a aljihu, ya ajiye kan tebur yana kallo.

"Me ya sa ba za a sa maganin ɓera ba?" na ce masa. "Ga shi nan ana talla a tasha."

"Amarya, ranar da aka ga guba a gonata, ranar za a cire min inji daga tafki. Kuma in yaran wani suka ci naman fa?"

"To shi Baban me ya ce?"

"Ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai. Ya canza wuri, ya canza ƙuli-ƙuli zuwa gasasshiyar masara, duk ɗaya."

"Mutumin da ya tsufa yana wannan aikin, rana ɗaya ya manta?"

Daga ranar na fara tara abubuwa. Na lura gonar Baba lafiya ƙalau take. Albasa da barkono ya shuka, waɗanda gafiya ba ta damu da su ba, amma a lokacin ban tsaya kan wannan ba. Na ji cewa babban ɗansa ya baro aiki a birni ya dawo gida da iyali, ba shi da inda zai noma. Na tuna wata rana Baba ya tambayi mijina ko bana zai noma ɓangaren da ke gangare, ko zai bar shi ya huta. Na kai masa shinkafa da miya a kula, ya yi godiya ya ce sai ya je gida zai ci, na ce a raina mai gaskiya ba ya tsoron cin abincin mutane a gabansu. In na gaishe shi yakan amsa yana kallon ƙasa.

"Amarya, ka zo lafiya? Yaya sanyi?" Haka yake ce min, don a bakinsa mace da namiji duk "ka" ne. Ni kuwa murmushin nasa nake aunawa. Na sha karanta irinsa: dattijo mai laushin murya, wanda sai a shafukan ƙarshe ake gane shi ya ƙulla komai. A garinmu kuma ba sai an je littafi ba, kowa ya san wani da ya san wani da gonarsa ta salwanta a hannun maƙwabci.

Na jera wa mijina lissafina wata rana yana karyawa. In gona ta yi asara bana, ta yi baɗi, mai ita zai gaji ya sa ta a kasuwa. Wa zai fara tayawa? Wanda ke kusa, wanda ɗansa ke neman fili.

"Mutumin nan kwana uku ya yi a ƙofar gidanmu da Alhaji ya rasu," ya ce. "Shi ya koya min riƙe fartanya."

"Ai wanda ya san ka shi ya san inda zai ɓullo maka."

"Ki bar maganar nan."

Na bar ta a baki. Ranar Alhamis na ce zan bi shi in tsinko latas. Muka fita bayan sallar asuba, muka isa gari ya fara haske, tururi yana tashi daga kan tafkin. Shi ya nufi inji da jarkar mai, ni kuma na hau wani tudun jar ƙasa na lafe bayan ciyawa. Can ƙarshen gona na hango Baba a tsugune gaban keji. Ya ɗaga ƙofar, ya karkata kejin, wani abu baƙi ya gangaro ya shige ciyawa. Na zaro waya na ɗauki hoton. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Daɗin wanda maganarsa ta fito.

Da Baba ya iso bukka yana ɗingishi ya ce, "Oga, yau ma babu."

"Baba, ko ɗaya?" na ce.

"Babu gafiya, Amarya."

A gida mijina ya kalli hoton ya fi sau goma. Daga nesa ne, yana rawa, ba a gane ko wace dabba ce. Amma ana ganin hannun Baba yana ɗaga ƙofa, ana ganin abu ya fita.

"Ya ce mana babu," na tuna masa.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya ɗauki wayata ya tafi wurin shugaban kwamiti. Aka sa ranar Talata za a zauna. Ranar Asabar ya kwaso kejuna, ya ce min ya hango Baba a cikin albasarsa bai je sun gaisa ba. Abincin da na yi masa ranar ya fi na kullum, na ƙara nama, amma kaɗan ya ci.

Lahadi da hantsi ina bakin famfo aka yi sallama. Mama ce, matar Baba, wadda sau ɗaya na taɓa gani. Doguwa ce, ta daɗe tana sayar da kayan miya a kasuwa, Hausarta ta fi ta mijinta nesa ba kusa ba. Tana sanye da zanen ƙungiyar matan cocinsu, da alama daga can ta hau keke ta taho. Na yi mata sannu da zuwa ina goge kumfa a zane, na ɗauka faɗa ta zo yi.

"Ogan naki yana ciki?"

"Yana shago, Mama. Ki shigo ki sha ruwa."

Ba ta motsa ba. Idonta yana kan kejuna uku da na jingina a rana, sannan ya koma kan na huɗu, wanda ke kife kan kasko da farin kaftani a kansa, hayaƙi yana fita ta ko'ina.

"Amarya, me nake gani?"

"Wanki nake yi."

"Na ga wanki. Wancan mai rigar fa, sallar Idi za shi?"

Ta ƙarasa ta ɗage kaftanin, ta sunkuya ta shinshina wayar. Ta ɗauki ɗaya daga na ranar ta shinshina. Ta taɓa ƙofar, ta murza man a yatsunta, ta kai hanci.

"Tun yaushe?"

"Tun da na tare."

"Kowace Lahadi?"

"Kowace Lahadi."

Ta kifa bokitina ta zauna a kai, ta tafa hannu sau ɗaya. "Wayyo Allah. 'Yata, gafiya ba ta da ido, hanci gare ta. Kejin kirki shi ne wanda ke warin 'yar'uwarta da ta riga ta shiga. In sabo ne, sai Baba ya binne shi cikin kashin shanu kafin ya yarda ya kai shi bakin rami. Shekara nawa yana tara warin nan, ke kin zo da buroshi."

Ban sallama ba. "In haka ne, me ya hana shi jin ƙamshin?"

"Da wane hancin? Garin tabar da yake shaƙa ya cinye shi tun ban haifi autana ba. Miya takan ƙone a gabansa yana tambaya ko an ɗora. Ya ce min ya ga suna haske, ya ɗauka ruwa ake watsa musu. Ogan naki kuma yaya zai ji? Shi kansa kasko ne mai tafiya, tun daga bakin titi ake sanin ya iso."

"Amma na gan shi da idona ya saki wani abu."

"Bushiya ce. Kusan kullum sai ya tarar da ita, har yana cewa ko ta kama haya. Ashe ita kaɗai ke son turarenki. Bushiya ba a kashe ta, ƙwari take ci, malamin gona ma ya ce a riƙa saki. Da kin sauko daga kan tudu kin tambaya, da ya nuna miki."

Ashe ya gan ni a kan tudun. Na rasa inda zan sa idona.

"Ban zo faɗa ba," ta ce, muryarta ta sauka. "Na zo in roƙi ogan naki ya zo su yi magana su biyu kafin Talata. Yau Baba bai je coci ba. Tun da na aure shi, ko zazzaɓi bai taɓa hana shi ba. Maganar ta zagaya, an ce yana kiwon gafiya a gonar marayan Alhaji don ya ƙwace." Ta miƙe tana gyara ɗaurin zane. "Ni ba zan faɗa wa kowa abin da na gani ba. Ke kika kai maganar, ke za ki dawo da ita."

Ko ruwan ba ta sha ba.

Bayan tafiyarta na zauna gaban kaskon har garwashin ya mutu. Akwai hanya mai sauƙi, kuma na daɗe ina juya ta. In yi shiru, in daina wanki, in shafa musu laka in ce faɗuwa suka yi. Bayan mako biyu ko uku gafiya za ta koma shiga, dankalin da ya rage ya tsira, ba wanda zai san komai. Sai dai na ga yadda abin zai fito a idon mutane: an kai Baba gaban kwamiti, ya tsorata, keji ya dawo kamu. Shiruna zai zama shaidar da ta fi hoton wayata ƙarfi. Har a wannan zaman sai da na kama kaina ina tunanin ko Mama ta shirya labarin hancin ne don ta wanke mijinta. Na ɗauko keji na shinshina da kaina. Ƙamshin ɗakina ne sak.

Bayan magariba na ajiye wa mijina tuwo, na zauna nesa kaɗan, na faɗa masa tun daga ruwan zafi har man ƙofa. Na shirya wa tsawa, na kuma ɗan shirya wa dariya da rarrashi. Ya ajiye lomar da ya ɗauka.

"Turaren wuta?"

"Da man turare."

Ya ture kwanon gefe. "Ke wata biyu kika san shi. Ni tun ban san kaina ba. Ban san me ya sa na ji taki ba."

"Ka je gobe ku yi magana ku biyu, in bi ka in ba shi haƙuri."

"A gaban mutane na ɓata shi," ya ce. "A gabansu zan gyara."

Ranar Talata aka zauna ƙarƙashin mangwaron bakin tafki, maza sun kai goma sha, wasu kan duwatsu wasu kan jarkoki. Ni ina cikin a-kori-kura, gilashi a sauke, na ja hijabi har goshi. Kafin shugaba ya buɗe baki mijina ya miƙe da keji ɗaya a hannu, ya ce ya janye ƙararsa, laifin daga gidansa yake. Ya miƙa kejin ya ce kowa ya shinshina. Aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu. Na farko ya yi atishawa. Na uku ya fashe da dariya, sauran suka bi.

"Tela, gafiyar gonarka sai an kai mata lefe ke nan!"

"A tambayi amarya ko tana sayarwa, uwargidana tana nema!"

Har shugaba sai da ya share hawaye. Baba kaɗai bai yi dariya ba. Yana zaune da sandarsa tsakanin gwiwoyi, ya jira aka lafa.

"Turare ba laifi," ya ce. "Yarinya bai sani ba. Amma kai, ɗan Alhaji. Ran Juma'a ka wuce ni a hanya, ka je wurin shugaba. Taku nawa daga gonarka zuwa nawa? Ka ce ina son filin ubanka. Ni na auna masa filin nan da ƙafana."

Mijina ya durƙusa a gabansa ya ba shi haƙuri. Aka sa baki, aka ce a yafe.

"Na yafe," in ji Baba. "Amma keji, ka nemi wani."

Ba wanda ya karɓa. Duk mai iya ɗana tarko a wurin ko ɗan'uwan Baba ne ko shi ya koya masa. Mijina kuma ga ɗinkin biki ya taru a shago, iyakarsa ya kai ni da safe ya kunna inji, ya dawo da yamma ya kashe. Aikin ya faɗo kaina.

Mama ce ta koya min, a tsaye, ba tare da ta ɓata lokaci ba. Muka haƙa rami a gefen tafki inda ƙasa ke da danshi, muka zuba kashin shanu, muka binne kejunan kwana biyar. Da muka tono su muka turara su da hayaƙin busasshiyar ciyawa. Ta nuna min yadda ake gane hanyar gafiya, siririyar turba a cikin ciyawa mai santsi kamar an goge. Ta ce in murza hannuna da ƙasa kafin in taɓa waya, in soke ƙuli-ƙuli da tsinke ba da yatsa ba, in lulluɓe kejin da ganye in bar bakin kawai. Ta sa na ware tsohon zane da hijabi ɗaya na gona, waɗanda ba sa shiga ɗaki, a igiyar waje suke kwana.

"In na ji ƙamshi a jikinki, komawa za ki yi," ta ce.

Kwana takwas ina dubawa ba komai. Kowace safiya Baba yana cikin albasarsa, ƙaramar kwata ce kawai ta ruwa tsakaninmu. Ina gaishe shi, yana amsawa, ba ya ƙarawa. In na ɗaga keji wayam sai in ji kamar idonsa yana bayana, in ce a raina daɗi yake ji. Da na juya sai in ga ciyawa yake cirewa, ko kallona ba ya yi.

Safiya ta tara na tarar da ƙofar kejin gindin dutse a rufe. Na ɗage ganyen a hankali. Tana ciki, ta kai girman mage, kumatunta cike da ƙuli-ƙuli, hancinta yana motsi ba tsayawa. Ta juyo da shi wajena. Ban taɓa ganinta da rai ba sai ranar, kuma tsoron da na ji bai kai tausayin ba. Na kira mijina da ƙarfi, ya taho da gudu hannunsa duk baƙin mai.

"Kai wa Baba za mu yi," na ce.

"In ya ƙi fa?"

"Sai mu san ya ƙi."

Ya ce shi ba zai iya ba. Na lulluɓe kejin da buhu don ta natsu, na rungumo shi, yana da nauyi, tana zillo a ciki. Na tsaya a bakin kwata.

"Baba, ina kwana. Ga naka."

Ya ɗago a hankali yana dafa gwiwa. "Ba ni na ɗana ba."

"A gonar Alhaji aka kama. Mu ba mu san wani mai ita ba."

Ya tsaya yana kallon buhun. Hannuwana suka fara sagewa. Sannan ya matso bakin kwatar daga nasa gefen, ya ɗaga buhun ya leƙa.

"A ina ka sa?"

"Gindin dutsen can."

"Ka yi sa'a. Wannan yaro ne, ba shi da wayo. Manyan ba su bin wurin." Ya karɓi kejin ya ajiye kusa da ƙafarsa, ya nuna ƙarshen gonarmu da sanda. "Can, inda ruwa yake fita. Ka sa biyu. Baki ya kalli tafki."

Da yamma na kai biyu wurin. Ina tsugune ina gyara na farko na ji muryarsa daga nesa.

"Amarya! Ba haka ba! Na ce ya kalli tafki, ka sa ya kalli garin Bukuru!"

Na juya shi. Ya ɗaga sanda alamar ya yi. A makon nan muka kama huɗu, kuma abin da ya rage na dankali ya kai girbi. Kullum daga nasa gefen yake ɗaga murya ya gyara min, ni kuma in miƙa masa kamun ta saman kwata. Mijina ya roƙe shi sau biyu ya dawo, sau biyu yana cewa gwiwa ta hana. Har aka cire dankali aka kwashe inji, bai tsallako ba.